Cokalin da Aka Ajiye wa Babana

Jiya maƙwabcinmu ya kwaɓa siminti zai gyara dakalinsa, warin ya biyo ni har madafa. Sai da na ajiye ludayi na zauna, don warin babana ke nan idan ya dawo daga aiki.

A unguwar Kurayyat na tashi, can ƙasa mai tsarki kusa da teku, a gidan da kakana ya kama tun da ya zo hajji bai koma ba. Babana magini ne. Wata shekara da zafi, lokacin da iskar teku ke manna wa mutum riga a jiki, hannayensa suka fara ƙaiƙayi, suka yi ja, suka tsattsage. Ni ce mai shafa masa man kaɗanya. Ina gamawa sai in ruga in wanke hannu, in sake wankewa, in duba tsakanin yatsuna ko ciwon ya kama ni. Haka nake tun ina ƙarama, komai sai na sa shi a rai.

Kakana majemi ne kafin ya baro gida, ya yarda da fata fiye da kowane magani. Shi ya sa aka sayo wa babana safar hannu ta fata, wai ta tsare shi daga siminti. Sai abin ya ƙaru. Gumi ya jiƙa fatar, ƙuraje suka hau har wuyan hannu. A asibiti likita ya ce hassasiyya ce, wato jikinsa ba ya shiri da wani sinadari wai shi kurom, yana cikin siminti, da shi kuma masana'antu ke jeme fata. Ya ce ba a ɗauka. Kakana ya yanka safar, ya ga cikinta shuɗi-shuɗi, ba irin jimar bagaruwa da ya sani ba.

Amma unguwa ta riga ta raɗa wa ciwon suna: kuturta.

Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mazan layinmu kan taru a zauren wani dattijo su ci shinkafa da kifi a faranti ɗaya. Ni ke zagayawa da buta da tasa suna wanke hannu. Wata Juma'a na ga an zuba wa babana nasa daban a ƙaramin kwano, an soka cokali a kai.

"Ma'alesh, ɗan'uwa, ka yi haƙuri," in ji mai gidan. "Don kada yaji ya shiga maka ciwon ne."

Babana ya yi murmushi, ya miƙa hannu zai ɗauki cokalin. Kakana ya riga shi, ya ɗauki kwanon ya juye a babban farantin.

"Haba Baba Alhaji," in ji mai gidan.

"Haba me? Hannun nan ne ya yi maka yaɓen zauren nan. Ran nan ai ba ka ba shi cokali ba." Ya juya ga babana. "Yalla, kai. Hannuna rawa yake, ba ni a baki."

Hannunsa ba ya rawa, kowa ya sani. Babana ya dunƙula loma da yatsun nan masu tsaga, ya kai bakin ubansa. Tsohon ya tauna a hankali yana bin mutane da kallo.

"Wanda ya ƙoshi ya tashi," ya ce. "Halas, magana ta ƙare."

Wasu kaɗan suka tashi. Sauran suka sa hannu.

Babana bai bar gini ba, da shi muke ci. Ya koma safar roba da ta auduga a ciki, ciwon yana lafawa yana dawowa har ya rasu. Ba a sake zuba masa abinci daban ba.

An rushe zauren nan tuni. Yanzu kowa da farantinsa da cokalinsa, ko an ware mutum ba zai gane ba. Ni ma ciwon ya bayyana a jikina, madaurin agogo na fata ya bar mini tabo a wuyan hannu. Waina nake soyawa a gida ina sayarwa. Kwanan baya wata hajiya da ke saye da yawa ta ga tabon, ta ce in kira 'yata ta zuba mata. Na kuwa san bakinta na zagaya gidajen biki.

Na ce, "Hajiya, ba a ɗauka. In za ki ci, ni zan zuba."

Ta ɗauki kwanonta ta fita, har yau ba ta dawo ba. Ba zan ɓoye muku ba, ina tsoron abin da take faɗa a gari. Amma ban sauke hannun rigata don in rufe tabon ba, kuma ba zan sauke ba.