Dajin da Na Dasa a Bayan Gida

Ni dillalin albasa ne, kuma tun da aka fara noman rani da ruwan madatsar Goronyo asirina a rufe yake. Sai dai noman nan ya ci itatuwan da na taso na gani. Duk inda gawo ko kanya suka tsaya, an tuge su an yi fangalin albasa. Da na sayi filin bayan gidana, abokan kasuwa suka ɗauka rumbu zan ƙara. Ni kuwa daji nake so, ɗan ƙarami, na itatuwan ƙasarmu.

Tara irin ma wahala ce. Masu sayar da dashe ba su da komai sai darbejiya da itacen turare da mangwaro. Na riƙa tsayar da mota a hanyar Achida ina tonon ƴan tsiro, direba yana kallona kamar na taɓu. Ɗorawa da tsamiya na jiƙa ƙwallonsu da kaina. Madaci guda ɗaya tak na samu, na dasa shi a tsakiya. Na kewaye wurin da ƙaya saboda awaki. Ban yi tunanin mutane ba.

A wajenmu itace iri biyu ne. Mangwaro da gwaba suna da mai su, wanda ya tsinka ya san sata ya yi. Sabara da kalgo da madaci kuwa na Allah ne, kowa ya gani ya ɗiba.

Na raka kaya Kudu, na dawo na tarar ƙanena ya sa ƴan ƙwadago sun share rabin wurin, yana jira in gode masa.

"Yaya, wurin ya koma daji, shi ya sa munka gyara."

"Dajin nika so!"

"Mi za ka yi da daji? Kiwon macizai za ka koma?"

Na sake dasawa. Da sabara ta yi ganye, duk gidan da aka haihu sai an aiko a karya wa mai jego. Na haɗiye. Madacin nan dai ya tsira, har ya kai kaurin cinya. Wata safiya na iske dattijon da muke katanga ɗaya da shi yana sassaƙarsa da gatari.

"Baba, mi kaka yi?"

"Ɓawo nika ɗiba, Alhaji. Uwargidana ba ta kwana ba da ciwon ciki."

"Baba, ni fa na dasa shi."

Ya yi dariya har ya ajiye gatarin. "Madacin? To Allah shi saka maka. Ka rage muna tafiya."

Ba a hana marar lafiya magani, balle dattijo ne ya zo nema. Na bar shi ya ɗiba, labari ya zagaya unguwa. Kowa ya zo ya yanki gefensa, har aka zagaye ɓawon kaf. Kafin damina, madacin ya bushe a tsaye.

Daga nan na yi abin da na iya. Kaya a kasuwa, yadda ka jera su haka ake ganin darajarsu. Na sake dashe a layi da igiya, na yi wa kowane tsiro gurbin ruwa, na shafa wa manyan farar ƙasa a gindi, na jera mangwaro a bakin shinge, na sa ƙofar kwano. Yanzu sai an yi sallama, mai neman magani ni nake yankar masa da hannuna.

Itatuwan suna raye, amma ba daji ba ne, kuma raina bai daina sosuwa ba. Kwanan baya wani matashi da aka haifa a garin nan ya tsaya gaban wata magarya da na dasa, ya tambaye ni ko daga Makka na kawo irinta. Na ce masa e, kada ya taɓa.