Shafin da Muka Bari a Buɗe

A shekarun da ake ta haƙa harsashin gini ko'ina a Abuja, ina aiki a wani ofishi a Garki, ina kwana a Jikwoyi. Aikina buga takardu ne da lallaɓa kwamfutocin ofis idan sun ƙi tashi. A lokacin ne na faɗa cikin wasu masu sha'awar manhajar kyauta, irin wadda ake barin kod ɗinta, wato rubutun da aka gina ta da shi, a fili, kowa ya duba, ya gyara, ya ɗauka. Ta imel muka fara sanin juna. Da muka gane duk a gari ɗaya muke, sai muka koma haɗuwa ran Asabar a shagon wani Bazazzagi mai sayar da kayan kwamfuta a Wuse.

Mu uku ne muka dage. Akwai mai shagon, wanda muke ce wa Alhaji. Akwai wata 'yar Filato mai rubuta manhaja a wani banki, muna ce mata Madam, ita kaɗai ta san aikin ciki da waje. Sai ni. Sauran sukan zo su sha lemo, su yi hirar kwangila, su tafi.

Abin da muka sa a gaba shi ne shafi a intanet inda mai jin Hausa zai karanta yadda ake saka waɗannan manhajoji, ya yi tambaya a ba shi amsa. Madam ta gina shafin. Alhaji ya ba mu teburi a bayan kanta da wutar janareta. Ni aka bar wa rubutu, ina mayar da bayanai Hausa, mafi yawa a waya, a cikin bas, yayin da muke tsaye a cunkoson Nyanya.

Ranar da za mu sa shafin a intanet, Madam ta karanta mana sharaɗin da za mu ɗora a kansa: kowa yana da izinin kwafar aikin ya yi nasa, muddin ya faɗi inda ya samo, shi ma kuma ya bar nasa a buɗe. Alhaji yana ciniki da wani a lokacin. Ya ɗaga hannu ya ce ba komai.

Mutane suka fara shigowa kaɗan-kaɗan. Wani daga Maradi ya riƙa yi mana gardama a kan kalmomi, yana cewa Hausarmu ta cika Turanci, muna cewa tasa ta cika Faransanci. Haruffa masu lanƙwasa kuma suka riƙa fitowa kamar ƙananan akwatuna a wasu kwamfutoci. A kan wannan na aika gyarana na farko a kod. Madam ta dawo mini da shi ta ce ya gyara haruffan amma ya karkatar da shafin gefe guda. Na sake, ta sake dawowa da shi. Da ta karɓa daga baya, sai kawai na ga sunana ya shiga cikin masu gyara.

Wata Asabar na iso na tarar da Alhaji a tsaye, ya juyo da fuskar kwamfuta wajen ƙofa.

"Malam, zo ka ga sata da rana tsaka," in ji shi.

Shafinmu ne, tsarinsa da launinsa, amma sunan daban ne, kuma maimakon bayanin manhaja, darussan lissafi ne da na kimiyya na 'yan sakandare. Wani malamin makaranta a Abaji ne ya kwashe kod ɗin gaba ɗaya ya zuba nasa kayan a ciki.

Madam ta duba, ta gangara ƙasan shafin, ta nuna sunan rukuninmu da ƙananan haruffa.

"Alhaji, ba sata ba ne. Mun ce a ɗauka, shi ya ɗauka. Ga sunanmu ya sa."

"Ko sallama babu? Wuta tawa, teburi nawa, wani can ya kwasa?"

"Ranar da na karanta maka, ka ce ba komai."

"Na ɗauka irin maganar nan ce da ake rubutawa kawai."

Ya ce sai an rufe kod ɗin. Ta ce idan aka rufe, ita ta bar aikin. Ni ban goyi bayan kowa ba, na ce tunda Abaji ba nisa, mu je mu ga mutumin.

Muka tafi a motar Alhaji, muka wuce Gwagwalada da Yangoji har muka isa Abaji. Malamin ya tarbe mu a ɗakin malamai, dattijo ne siriri da alli a hannun riga. Ya sa aka kawo mana dafaffiyar doya da manja. Tsohuwar kwamfuta ɗaya ce a makarantar. Ya ce a garin sabis ba shi da ƙarfi, shafinmu yakan daɗe bai buɗe ba, shi ya sa ya cire hotuna da duk wani ado domin ya buɗe a ƙaramar waya.

"Ranka ya daɗe, da na san akwai wanda zan nemi izininsa, da na zo har Wuse," ya ce wa Alhaji. "Na karanta an ce a ɗauka."

Alhaji ya ce ai girmamawa ba a rubuce take ba. Malamin ya ce gaskiya ne, ya ba shi haƙuri. Suka koma hirar farashin doya. Madam kuwa ta zauna gaban kwamfutar tana duba abin da ya canza. Ta sami kurakurai, ta gyara masa wasu nan take, sannan ta ce ya aiko mana da wannan sauƙaƙƙen tsarin mu haɗa da namu. Ya aiko bayan ɗan lokaci, aka haɗa. Daga nan ne tambayoyi suka fara zuwa daga garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba.

Alhaji bai sake maganar rufewa ba, amma bai sauya ra'ayi ba. Har ya bar sayar da kayan kwamfuta ya koma wayoyi, idan zancen ya taso yakan ce an yi mana wayo cikin ladabi. Teburin dai bai hana mu ba.

Banki ya mayar da Madam Legas, gyare-gyarenta suka riƙa raguwa har suka tsaya. Na riƙe shafin ni kaɗai na wani lokaci, ina share tallace-tallacen banza, ina amsa abin da na sani. Da aka yi mini ƙarin girma, aiki ya yi yawa, sai na rubuta a shafin cewa ina neman wanda zai karɓa. Wasu ɗalibai mata biyu daga Gwagwalada suka amsa. Na aika musu kalmar sirrin shiga ta imel. Ɗayarsu ta rubuto ta yi godiya, ta tambaye ni ko za su iya canza launin. Na ce su canza.