Baki na Bakwai a Madarunfa

Muna idar da sallar asuba muka bar Maraɗi, ni da direban wani furoje da ke raba wa manoma iri a Madarunfa. Abin da ya kai ni shi ne jerin sunayen masu karɓar iri da ke cikin kwamfutarsu: duk lokacin da aka gyara shi, sai tsofaffin sunaye su dawo. Sakatariya ake zargi. Darakta ya ba ta zuwa Juma'a, ta faɗi gaskiya ko ta bar aiki. Ranar kuwa Laraba ce.

Mun ɗauki hanyar Ɗan Issa, daga baya muka ratse jar hanya, muna ta kauce wa amalanken jakai. A bakin tafki muka karya da soyayyen kifi na dala ashirin, wanda ƙaya ta fi nama yawa. Da muka zo daidai kaburburan waliyyai, direba ya kashe rediyo, ya rage murya. Na yi dariya a raina. Ni mutumin waya da kuran ne, wato wutar lantarki, ban san wannan tsoron ba.

A biro, wato ofishinsu, na iske sakatariyar, uwar 'ya'ya uku daga Kiristocin Maraɗi, idanunta sun kumbura. Ta ce, "Malam, ni dai ban taɓa komai ba. Na rasa wanda zai yarda da ni."

Kwamfutocinsu biyar ne, in ji darakta, kuma wayoyinsu duk sun haɗu a suwic, wani akwati mai bakuna a jere, kowane baki da 'yar fitilarsa. Aikina shi ne in rubuta wa kowane baki jerin izini: wannan kwamfuta ta wuce zuwa babbar da ke riƙe da sunaye, waccan kada ta wuce. Akwatin yana karanta jerin daga sama zuwa ƙasa, wanda bai ga sunansa ba ya hana shi. Na ɗora jerin a bakuna biyar ɗin, na toshe sauran gaba ɗaya, na kuma sa ya riƙa ƙirga duk wanda ya kora.

Da azahar aka kashe janareta, muka ci tuwon gero da miyar kuka a gindin bedi. Ƙarfe uku maigadi ya sake tada shi. Na tara masu aiki da kwamfutocin su biyar a bayana, na ce kada kowa ya taɓa komai.

Sai ƙirga ta fara hawa. Ɗaya. Biyu. Uku. Wani yana neman shiga, ana korar shi, yana dawowa. Na waiga, duk biyar ɗin suna tsaye, hannuwansu a sake. Na ɗaga kai, fitilar baki na bakwai tana ta ƙyaftawa. Da safe sam ban kula da ita ba.

Muka bi wayar bakin nan a jikin bango har ƙofar wani ɗaki a kulle. Nan kowa ya ja da baya. Darakta ya ce a hankali, "Ɗakin Alhaji ne." Alhajin nan shi ke kula da sunayen a da, ya rasu bayan ƙaramar salla. Don girmama shi aka kulle ɗakin har danginsa su zo kwasar kayansa, ba wanda ya ƙara leƙawa.

Maigadi ya yi bismilla ya buɗe. Zafi ya buge mu. Ga hularsa a ƙusa, ga buta, ga takalmansa a gefen tabarma. A kan tebur kwamfutarsa tana kunne, tana ƙugi ita kaɗai. Wallahi tsigar jikina ta tashi, ni da na yi wa direba dariya.

Da ƙyar na zauna a kujerarsa na duba. Ashe saboda yawan ɗaukewar kuran, marigayin ya tsara ta ne duk lokacin da wuta ta dawo ta kunna kanta, ta mayar da nasa jerin sunayen kan babbar kwamfuta, don kada sunan kowa ya ɓace. Ya tafi, ita ba wanda ya gaya mata.

Darakta ya cire hula, ya ce, "Madam, ki yafe mini." Ba ta ko dube shi ba, allon take kallo tana hawaye. Na ce ai yanzu an toshe bakin, ko an bar ta a kunne ba abin da za ta iya. Sai ta ce, "A'a, malam. Kada ka bar Alhaji yana ta ƙwanƙwasa ƙofa. Kashe masa, ya huta."

Ba wanda ya matso. Ni na kashe, ɗakin ya yi tsit.

Mun iso Maraɗi ana kiran magariba. Tafiyar nan ta koya mini kada in ƙara tambayar mutane kwamfuta nawa gare su, in bi kowace waya da ƙafata har inda ta ƙare, tun kafin a ɗora wa wani laifi. A hanyar dawowa kuwa, da muka zo daidai kaburburan nan, ni na riga direba miƙa hannu na kashe rediyo.