Tudun da Aka Share Domin Baƙo

Talata: Kano zuwa Birnin Kudu

Ƙarfe biyar saura kwata na fita daga gida, na yi sallar asuba a tasha. A jakata akwai kyamara, da tef ɗin awo, da cokalin magina, da buroshi, da gwangwanaye shida wayam. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a ofishin adana kayan tarihi, a shekarun da kuɗin mai ya sa duk inda ka juya sai ka ji nishin katafila.

Wasiƙa ce ta tayar da ni. Malam Isiyaku, hedimasta a wani ƙauye kusa da Fagam a ƙasar Gwaram, ya rubuto cewa masu yin titi suna ɗibar ƙasa a wani tudu, sun tono manyan ƙasusuwa da gatarin aradu da gawayi. Ɗan kwangila ya yarda ya dakata har Juma'a. Maigidanmu a ofis ya ce, "Ka ɗauko mini hoton ƙasusuwan a yadda suke kwance, da gawayin da hannu bai taɓa ba. Da su kaɗai zan iya rubutawa a hana rushe tudun." Da gawayin ake gano shekarun wuri. Kwanciyar ƙashi kuma ita ke faɗa ko mutane ne suka yanka dabbar, ko kura ce ta jawo, ko ruwa ya kawo. Tun mako guda kafin nan na aika wa Malam cewa ina tafe, a kula da wurin. Iyakar abin da na rubuta ke nan, kuma har gobe ina cizon yatsa.

A gadar Wudil ɗan sanda ya buɗe gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya.

"Me za ka zuba a ciki?"

"Gawayi, ranka ya daɗe."

"Na Kano ya ƙare ne?"

Motar ta mutu sau biyu, mil tamanin ya ci mana sa'a bakwai, muka tarar motar Gwaram ta tashi. Na ci tuwon dawa na kwabo goma, na tafi duba zanen shanun da mutanen dā suka yi a jikin duwatsun Birnin Kudu. Su an zo musu a kan lokaci, har mai gadi gare su. Na kwana a zauren wani abokin Malam.

Laraba: Gwaram da ƙauyen

Bakwai da rabi muka tashi a akori-kura, ni da buhunan gishiri. Sha ɗaya muna Gwaram, daga nan na yi hayar keke. Da azahar na isa, na tarar da Malam Isiyaku da dagacin garin suna jirana a bakin hanya, kowa cikin babbar riga. Dagacin dattijo ne mai fara'a. Sai da na sha fura kafin ya yarda mu tafi.

Tun daga nesa na hango aikin da aka yi. An kafa rumfa a gindin tudun, an shimfiɗa sababbin tabarmi. A kansu ga ƙasusuwa nan jere daga babba zuwa ƙarami, fari tas kamar ƙoren amarya. Ramin kuwa an share shi, an yayyafa ruwa, an daɓe.

"Da muka ji baƙo zai zo daga birni," in ji Dagaci, "na ce ai abin kunya ne ya same su cikin datti. Kwana uku mata suna dirza da toka da soso."

Na ce, "Baba, gawayin fa?"

"An kai juji, ɗana. Ba za ka ga ko ƙwaya ba."

Na je jujin. Gawayin da ya fi kakanninmu shekaru yana can cakuɗe da tokar murhun jiya. Na dawo na ɗauki wani ƙashin cinya, tsawonsa ya kai kamu biyu, na juya shi ina neman sawun wuƙa ko haƙori. Sai sawun soso. Na tambayi inda aka ciro shi. Mutum uku suka nuna mini wuri uku.

Malam Isiyaku ya karanci fuskata, ya raɗa mini, "Mun yi ɓarna ko?"

Na tsuguna a gefen ramin ina kankara da cokali har la'asar sakaliya, ko Allah zai sa an tsallake wani lungu. Matan garin nan ba su san ha'inci a shara ba. Baƙin ciki ya tokare ni, kuma babu wanda zan ɗora wa. Layi ɗaya ya rage in ƙara a wasiƙata, kada a taɓa komai, ban ƙara ba, don na ɗauka abin da na sani kowa ya sani.

Alhamis: komawa

Da hantsi direban katafila yana ta zuba mai, yana fito. Na zuba ƙasusuwan a kwali, Dagaci ya rako ni da zakara da ƙwaryar ƙwai.

"To, ɗana, mun kyauta?"

Na dubi furfurarsa. Na ce, "Kun kyauta, Baba. Allah ya saka da alheri."

Daga Gwaram na yi sa'ar mota mai zuwa Kano kai tsaye, ƙarfe biyar na iso ofis, na tarar da maigida yana shirin tashi. Ya duba ƙasusuwan a kwali, ya ce, "Tsabtatattu ne," ya rufe. Bai rubuta wasiƙar ba. Ranar Asabar tudun ya koma cikon titi, na sha bi ta kansa a mota daga baya.

Ran Alhamis ɗin na shiga gida ana kiran magariba. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Malam Isiyaku, na gode wa Dagaci da mutanensa, waɗanda ba a taɓa karrama ni kamar yadda suka yi ba. Ina cire takalmi na ga jar ƙasar tudun maƙale a naɗin wandona, ita kaɗai ta rage da soso bai taɓa ba. Maiɗakina ta miƙo hannu.

"Kawo in wanke, duk ya yi datti."

Na miƙa mata.