Gyaɗar Ƙanena a Ƙasar Kanwa

Da idon mahaifinmu ya mutu, sai ya raba mana gonarsa ta hanyar Rogo, ni da ƙanena, ya auna wa kowa rabin irin gyaɗar da ya gada wurin kakanmu. Abu ɗaya ya ce: kada irin nan ya ƙare a hannunmu. Ni ne babba, ni na fara zaɓe. Na ɗauki jigawa, na bar masa gefen fadama, inda kanwa ke fitowa fara fat har shanu na tsayawa lasa. Ko kunya ban ji ba.

Gyaɗarsa ta fito rawaya kamar mai ciwon shawara. In na wuce sai in yi masa sannu, raina fes.

Wata ranar kasuwar Karaye ƙanena ya haɗu da malamin gona, wanda ya ce masa saiwa ba ta iya jan taki a ƙasa mai kanwa, sai dai a ciyar da shukar ta ganye. Ya haɗa shi da takin ruwa da injin feshi na goyo. Kafin mako uku gyaɗar ta yi kore shar. Masu zuwa Rogo har tsayar da keke suke yi. Tawa ma lafiyarta ƙalau, amma ba wanda ya tsaya mata. Wallahi abin ya ci ni.

Ya zo har gida ya ce, "Yaya, ga injin, ga ragowar takin. Bari in nuna maka awon."

Na ce, "Ni za ka koya wa noma?"

Washegari na ari injin wani, na jiƙa takin zamani kwano biyu don tawa ta ninka tasa, na fesa da tsakar rana. Ashe shi murfin kwalba ɗaya yake zubawa, da sanyin safiya. Kwana biyu ganyena ya ƙone ƙurmus. Ko harawa ban samu ba, balle iri.

Dab da damina ta gaba ƙanena ya sauke buhu a zaurena, ya ce, "Irin Baba ne." Ya juya ya tafi.

Ranar Juma'a muka je gaishe da tsoho. Ya lalubo hannuna ya ce, "Babba, irin yana nan?"

Na ce, "Yana nan, Baba."

Ƙanena na zaune a gefe, bai ɗago kai ba. Batun gyaɗar kam na daɗe da yafe masa. Shirun nan nasa ne har yau nake jin haushi, don na san da ni ne a matsayinsa, da na faɗa wa Baba.