Allo na biyu

Tarin ya fara wa 'yata bayan an gama yankan gero, har aka ɗaure damma aka sa a rumbu bai sake ta ba. Tana goyo a lokacin. Da na ga zanenta ya fara zagaye ta sau biyu, sai na ce wa mijinta ni zan kai ta asibitin Agiye.

Aka ɗauki hoton ƙirjinta, ɗaya ta gaba, ɗaya ta gefe. Daga nan aka shigar da mu buron majo, wato ofishin babban mai jinya na wurin. A kan teburinsa akwai kwamfuta mai allo biyu jere da juna, kowanne da hoto guda. Ya ce likitan da ya san karatun hoto yana Maraɗi, daga can zai shigo cikin injin ya duba.

"Ta ƙofa zai shigo ko ta taga?" in ji 'yata, tana dariya har tarin ya taso mata.

"Ta taga, ƙanwata," in ji majo. "Bai iya sallama ba."

Muna zaune sai wata 'yar kibiya ta fara yawo a kan allon hagu, alhali hannun majo yana kan biro. Na ja gyalena. Muryar likitan ta fito daga wayar da aka ajiye a kan tebur, ya gaishe mu, ya tambayi kwanan tarin.

Ni dai kibiyar nake bi da ido. Ta hau, ta sauka, ta bi haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya. Duk sa'ad da ta nufi dama sai ta tsaya cak a bakin allon, kamar akuyar da igiyarta ta ƙare. Sau uku na ga haka. A allon dama kuwa, inda ba ta taɓa ƙetarawa ba, akwai wani farin dunƙule kamar goro, can ƙasa-ƙasa. Na ce a raina wataƙila hoton wani ne aka bari. Amma na yi shekara biyu a ajin yaƙi da jahilci. Na haɗa baƙaƙen da ke sama a hankali, sai ga sunan 'yata.

"Ban ga abin tsoro ba," in ji likitan. "A ba ta maganin tari, ta dawo bayan wata guda."

Majo ya sunkuya yana rubutu. 'Yata ta fara gyara goyonta. Ni ba mai magana ba ce a gaban ma'aikata, ko a gidana ma sai an matso ake jin muryata. Har na miƙe, na sake zama.

"Majo, ka yi haƙuri. Shi wancan hoton, ya gan shi?"

"Inna, ke za ki karanta mana yau?" Yana murmushi ya faɗa. Sai ya ɗaga kai ya dubi allon, murmushin ya ɗauke. "Dokta, hoto nawa kake gani?"

"Ɗaya. Da wani ne?"

Majo ya ce mini tagar da likitan yake leƙo mu ta ciki ba ta kai faɗin allo biyu ba, rabi take nuna masa. Ya jawo hoton na biyu zuwa hagu. Hoton ya zo ya yi girma, ƙasansa ya yanke. Suka yi ta fama, wannan ya ce rage, wancan ya ce matsar, har ya zauna daidai.

Kibiyar ta tafi kai tsaye kan dunƙulen, ta tsaya. Sai likitan ya tambayi majo.

"Wa ya rako ta?"

"Mahaifiyarta."

"Inna," in ji likitan, ya sassauta murya, "akwai wanda zai riƙe mata jaririn kwana biyu? Ina so ku shigo motar Maraɗi yau, kada ku koma gida."

'Yata ta dube ni. Na miƙa hannu na kwance mata goyon.