Burodin Gefen Banda

Ban daɗe da gama sakandare ba aka yi mini aiki a Kano, aka yanke wani ɓangare na tumbina saboda gyambon ciki. Likita ya ce abin da ya saura bai wuce kofin shayi ba.

Ina dawowa Haɗeja 'yan dubiya suka yi ta sallama, kowa da burodi a hannu, sabon gashi, don a wurinmu abu mai laushi ake bai wa mara lafiya. Goggo, yayar Baba, ta tsoma mini ɓargon tsakiyar a shayi.

"Haɗiye, 'yar nan. Wannan ko jariri ya ci."

Na haɗiye. Ya dunƙule ya tsaya mini a ƙirji kamar curin laka. Gumi ya keto, numfashi ya gagara, na dafe ɗinkin ina jiran ya ɓalle. Sai da na amayar na dawo hayyacina. Har yanzu in na tuna, hannuna kan tafi wurin tabon da kansa.

Daga ranar na rufe bakina, sai koko tsararo, shi ma da roƙo. Zobe ya riƙa zamewa daga yatsana. Na ji Inna tana ce wa Baba, "Malam, yarinyar nan ƙarewa take yi a gabanmu."

Lokacin damina ce, kogi ya cika, Baba da yake masunci ne yana samun tarwaɗa. Burodin dubiya kuwa ya taru, danshi na neman sa masa fumfuna. Inna ba ta zubar da abinci, sai ta yayyanka shi ta jera a gefen bandar da take ƙyafe kifi, ya bushe ta ajiye.

Wata safiya ina zaune kusa ina jin ɗumi, ƙamshin ya dame ni. Na ɓalli ɗan gefe, bai kai farce ba, ya yi ƙayau, duk hayaƙi. Na yi bisimilla, na sa a baki. Na tauna, na yi ta taunawa, ya wargaje ya narke, wani zaƙi ya fito wanda duk shekarun da nake cin burodi ban san yana ciki ba. Da na haɗiye sai na ji shi yana sauka a hankali, ya wuce inda wancan ya tsaya, ya sami wuri ya zauna. Ikon Allah! Wannan ɗan abin da aka ɗinke da zare, ashe yana aiki.

Goggo ce ta fara gani.

"Oho! Mun kawo na gata an ƙi, sai mai ƙarnin kifi? 'Yar masunta dai!"

"Yaya, ki yi shiru kar ki firgita ta," in ji Inna, ba ta ko waiwayo ba. Sai dai na ga ta sa tsinke tana turo wani yankin zuwa gefena.

Na miƙa hannu na ɗauka.